Barajin da Muka Ji Kunyar Taɓawa

Barajin garinmu, madatsar ruwan da ke gabas da Tamaske, matanmu ne suka ɗauko duwatsunsa a ka, Innata na cikinsu, amma ba wanda ya taɓa ce masa namu. Barajin baƙi muke cewa. Turawan furoje, masu aikin raya karkara, su ne suka zo da siminti tun ina yarinya, kuma kowane rani sai sun aiko mutum ya duba shi, a yanka masa kaza, ya sha fura ya tafi. A ƙarƙashinsa lambun albasar Inna yake, shi ne cinmu, shi ne suturarmu.

Sai gwamnati ta canja abokai. Rediyo ya ce tsofaffin sun tattara nasu ya nasu, sababbi sun sauka Yamai da manyan jirage.

A bazarar nan aka ga tsaga a jikin barajin, har hannu na shiga. Na ce wa kawuna, da yake yana cikin dattawan gari, a yi gayya a toshe, ba mu muka gina ba? Ya dube ni kamar na zagi liman. Wai abin da baƙo ya bar maka amana ne, ba ka sa masa hannu sai mai shi ya zo, in ka taɓa ka nuna ka fid da rai da dawowarsa ke nan. Kai, wannan kunya tamu ta ishe ni! Na je wurin Inna ina zaton za ta goyi bayana, ita ma ta ce mutanen da suka ci tuwon gidanmu ba sa tafiya ba sallama.

Aka tura mutum garin Keita. Ya tarar da biron furojen, wato ofishinsu, a kulle, awaki kwance a bakin ƙofa. Sababbin abokan kuwa, aka ce bindiga suka sani, ba baraji ba.

Ruwan farko mai ƙarfi ya tafi da barajin da hantsi, muna tsaye muna kallo. Da ya janye, yashi ya binne lambun har rijiyarsa. Inna ta durƙusa tana tono da hannu, ta tona, ta tona, ba ta kai ga baƙar ƙasa ba. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, kuma na rasa wanda zan zaga.

Ta zauna a kan yashin tana haki, ta ce mini: "Ɗiyata, in Turawan sun dawo kada ki ce musu mun daɗe muna jira. Kada su ji nauyi."