Talo-talon da Ba Ya Tashi Tsaye

Kwanan baya 'yata Nafisa ta tsaya gaban kantar littattafaina, ta ce in zaɓar mata na barkwanci guda ɗaya wanda ya cancanci karatu. Ina da su tuli, daga tsofaffin da ke yi wa masu mulki shaguɓe zuwa na 'yan zamani da nake tsintowa a Babbar Kasuwa. Na daɗe ina shafa bayansu ban ciro ko ɗaya ba, don hankalina ya riga ya koma gidanmu na Unguwar Dosa, wurin Iya.

Iya ita ce mahaifiyar babanmu, Bazazzagiya ce ta cikin ganuwa, 'yar ƙaramar tsohuwa mai kaifin baki. Kullum cewa take kunnenta ya mutu, amma ko raɗa aka yi a uwar ɗaka sai ta ji. Da damina, idan an idar da Magariba aka ɗauke wuta, sai ta jawo kujerarta kusa da murhu tana gasa mana masara, mu kuma mu kewaye ta. Tatsuniyarta ba ta raga wa kowa. In ka yi rowa da rana, da yamma za ka tarar da kanka a cikin labari, an sa maka jela da kunnuwa.

A daminar da nake magana, dariya ta yi ƙaura daga gidanmu. Baba akawu ne a wata ma'aikatar gwamnati, shi ke ajiye hatimin ofis, sai hatimin ya ɓace. Baba ya gaya wa Umma cewa da idonsa ya ga Darakta ya jefa shi a aljihun babbar riga zai tafi gida, abin da doka ta hana. Washegari kuma Daraktan ya tara ma'aikata, ya zazzage Baba tas, ya kai ƙara sama. Aka ce ranar Litinin kwamiti zai zauna. In laifin ya tsaya a kan Baba, aiki ya tafi, gidan ma na gwamnati ne, sai mu kwashe komatsanmu. Ni dai na ga Umma tana ta tara kwalaye a bayan ƙofa, na kuma ji tsoro ƙwarai.

Ranar Asabar muna gindin murhu, sai ga hasken mota a ƙofar gida, aka yi sallama. Darakta ne da kansa, ƙato, rigarsa ta sha sitaci har tana ƙara. Saboda duhu da zafin ɗaki, a tsakar gida Baba ya ajiye masa kujera, shi kuma ya durƙusa a gefe. Mutumin ya rage murya, amma mun ji.

"Malam Garba, ka amsa cewa sakacinka ne kawai. Kada ka ja zancen. Ni zan san abin da zan yi maka daga baya."

Baba ya sunkuyar da kai. Iya ta juya masara, ta ɗaga murya irin ta kurame.

"Garba, baƙo muka yi ba a kawo shi ya gaishe ni ba? Yaro, daga wane gari?"

"Daga Kano, Iya. Ina wuni?"

"Kano!" Ta tafa hannu. "Ashe bawana ne ya zo. Matso da kujerarka nan, ka karɓi masara a hannun uwar ɗakinka."

Wanda bai taso a cikinmu ba sai ya ce tsohuwar ta haukace. Amma Kanawa da Zage-zagi abokan wasa ne tun kaka da kakanni. Duk abin da Bazazzage ya gaya wa Bakano, komai girmansa, sai dai ya rama da wasa. In ya yi fushi, shi ya ji kunya. Darakta ya yi 'yar dariya ya ce ai bai taɓa jin bawa ya 'yanta kansa da baki ba, ya jawo kujera. Baba ya dubi Iya, idonsa yana roƙonta ta yi shiru. Ko kallonsa ba ta yi ba.

"Ga ta can tana tahowa," in ji Iya, kamar yadda ta saba buɗe tatsuniya.

"Ta iso, mun yi mata shimfiɗa," muka amsa, muryarmu ƙasa-ƙasa.

Ta ce wai an yi wani talo-talo da aka naɗa shugaban akurki. Tun ranar da aka naɗa shi ya samu wuri mai laushi ya zauna, ya baza fiffike, ya rantse ba zai ƙara miƙewa don kowa ba, don tashi tsaye aikin ƙananan kaji ne. Akwai wani ɗan zakara ramamme da aka ba ajiyar ƙwan zabuwa, ƙwai ɗaya tilo. Wata rana talo-talo ya ga ƙwan ya ba shi sha'awa, ya jawo shi da ƙafa ya tura ƙarƙashinsa, ya manta. Da zabuwa ta zo neman abinta, sai ya kumbura wuya ya yi ja, ya ce ɗan zakara ne ya yar. Tsuntsaye suka taru, aka yanke cewa in ƙwai bai fito ba, za a fige ɗan zakara a kore shi da 'ya'yansa cikin ruwan sama. Can cikin dare talo-talo ya ji wani abu yana tokarinsa. Ya laluba, ya gane. To amma ya riga ya yi rantsuwa gaban jama'a, in ya tashi kowa zai gani.

Iya tana yi tana kumbura kumatu, tana gyara zama da ƙyar kamar mai babbar riga. Ƙanena Sani ya fashe da dariya, Umma ta matse masa hannu daga baya. Ni kuwa na toshe bakina da hannu, ga dariya ga tsoro. Darakta ya daina tauna. Hasken garwashi yana kan fuskarsa, na ga gumi yana bin gefen hularsa.

Sai Iya ta katse labarin, ta dafe goshi.

"Kai, tsufa! Ƙarshen ya ɓace mini. Kuma a gidan nan ba a barin tatsuniya ta kwana a buɗe. Kai Bakano, ku ne masu baki, ƙarasa wa jikokina. Yaya aka yi da ɗan zakara?"

Ba wanda ya motsa. Masara tana ƙonewa, muna jin ƙaurinta, ba mai ƙarfin halin ɗauke ta. Baba ya rufe ido, leɓensa yana motsi. Na tuna kwalayen Umma, na ce a raina shi ke nan, Iya ta kashe mu.

Darakta ya ajiye totuwar masara a ƙasa, ya yi gyaran murya.

"Iya, wannan talo-talon daga ji Bazazzage ne. Da na Kano ne, da tuni ya sayar da ƙwan."

Iya ta ƙyalƙyale har da tari. Shi ma ya yi dariya, gajeriya, wadda ba ta kai ciki ba. Sannan ya miƙe tsaye, ya karkaɗe rigarsa, ya dube mu yara.

"A bar ɗan zakara da gashinsa. Da gari ya waye talo-talo ya tashi, ƙwai ya fito. Nan ta tsaya."

Ranar Litinin aka ce an tsinci hatimi a bayan kabad, kwamiti bai zauna ba. Darakta bai taɓa ba Baba haƙuri ba, kuma har ya bar ma'aikatar Baba bai ga ƙarin girma ba. Amma a gidan nan muka girma, kwalayen Umma kuwa da su aka riƙa hura wuta.

Abin da ban gaya wa kowa ba sai Nafisa shi ne abin da ya biyo bayan tafiyar motar. Iya ta ce in kawo mata ruwa. Da na miƙa mata kofi, hannunta rawa yake yi har ruwan ya zube mata a zane. Na ce, "Iya, sanyi kike ji?" Ta ce, "Ke, rufe mini baki. Da ya ce daga wani gari yake ba Kano ba, da ban san ta inda zan kama shi ba."

Na girma na karanta littattafai masu ban dariya iri-iri. Wasu na yi dariya na rufe na manta. Waɗanda suka zauna mini su ne waɗanda marubucinsu ya tsaya gaban wanda ya fi ƙarfinsa, da abin da zai rasa, ya kuma bar masa ƙofar da zai fita da mutuncinsa. Na ciro wa Nafisa wani tsoho mai yagaggen bango. Ta juya shi ta ce, "Mama, wannan zai ba ni dariya kuwa?" Na ce zai ba ta, amma ta karanta a hankali, za ta ji inda hannun mai shi yake rawa.