Sistar da ba ta ƙyale 'yan rakiya

Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe ɗakin duba ido, kafin mai shara ya gama baranda. Ta goge na'urar auna ido da auduga, ta gyara allon haruffa da kullum sai ya karkace, sannan ta leƙa benci ta ga wa ya zo da wa. Shekara talatin da biyu ke nan tana haka, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Sista kawai kowa yake ce mata. Abokan aikinta kuwa, in tsokana ta motsa, sai su ce "Mai kama 'yan rakiya", ita kuma ba ta taɓa musa sunan ba.

Dalilin sunan shi ne, duk wanda ya riƙo hannun ɗan'uwansa mai hawan jinin ido, to shi ma sai ya zauna an auna shi. Ta san ciwon nan yana bin dangi, kuma ba ya sallama. Ba zafi, ba ja, sai dai ya yi ta cin gani ta gefe a hankali, abin da ya ci kuma ba ya dawowa.

Haka ta kama wani tela. Yayansa ya kawo, wanda idonsa ya riga ya tafi, shi telan yana ta duba agogo don ya baro ɗinki a kan keke.

"Malam, kai ma zo ka zauna," in ji Sista.

"Ni ai lafiyata lau. Ba tare da tabarau ba nake zura zare a allura."

"Na yarda. Rufe idon dama, ka kalli hancina. Yatsu nawa na ɗaga?"

"Ai ba ki ɗaga ba tukuna."

Yatsunta uku kuwa suna tsaye a gefen fuskarsa. Yayan ya gane abin da ke faruwa, sai ya sunkuyar da kai. Ta auna, likita ya tabbatar, aka ɗora tela a kan maganin ɗigawa safe da yamma.

Daga nan ya ɓace wata huɗu. Da wata ce, da ta rufe katinsa ta kira na gaba. Sista kuwa tana tashi daga aiki ta bi layin teloli da tambaya har ta same shi, ga kwalbar maganin a taga ta yi ƙura.

"Gani na yi ba na jin ciwo," ya ce yana sosa ƙeya. "Kuma ganin nawa bai ƙaru ba."

"Ba ƙara maka zai yi ba, ɗan'uwana. Wanda ya rage zai tsare maka. Yayanka ma bai taɓa jin ciwo ba."

Ta sa ya samo sabuwar kwalba, ta ɗaure masa ita da ƙyalle a jikin keken ɗinki: kafin ya taka da safe ya ɗiga, kafin ya rufe shago ya ɗiga. Bayan sati ɗaya sai ga shi ya taso ƙannensa mata biyu a gaba, aka kuwa tarar jinin idon ɗayar ya fara hawa. Yau shekara goma sha ɗaya, tela yana nan yana ɗinki da idonsa.

Ke ce, Sista, mai aikin da ba a cika gode masa ba, domin wanda bai makance ba ba ya sanin an cece shi. Kin sha harara, kin sha "ni sauri nake", ba ki taɓa fushi kin ƙyale ba. Uwar marasa lafiya, wallahi muna jin tafiyar nan taki har cikin zuciya.

A ɗan taron ban kwana da aka yi mata, tela ya zo riƙe da yayansa. Dattijon ya lalubo hannunta ya riƙe. Ya ce, "Ni ban taɓa ganin fuskarki ba, 'yar'uwa. Amma ƙanena yana gani, shi yake gaya mini." Sista da ba a taɓa ganin hawayenta a wurin aiki ba, ranar sai da ta juya baya.

Mun gode, Sista, Allah ya saka miki da alheri, ya sa ki huta lafiya. Ma'aikatan da kika bari su ɗora daga inda kika tsaya. Mu kuma, duk wanda ya haura arba'in, ko ido ya taɓa tafiya a gidansu, ya je a auna shi tun yana iya kai kansa.