Kwana Goma Sha Ɗaya Ina Kallo a Madadin Yaya

Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. In za ta yi maganarsa sai ta ce "yayanki", ko "wancan na Kaduna". In ya bugo waya ni yake kira, in buɗe murya, ya gaishe ta, ta ce "lahiya lau" sau biyu ta kau da kai. Amma fa kunnenta yana wurinmu har mu gama hira. Ni abin har haushi yake ba ni. Mutum ya haura arba'in, yana da mata da 'ya'ya, ki kasa ce masa ya aiki?

Wani zuwa da ya yi Sakkwato ya sayo mata talabijin, ya kafa a ɗakinta a gidanmu na Runjin Sambo, ya saka mata irin manhajar nan ta kallon finafinai ta intanet. Asusunsa ne ya buɗe mana, shi yana kallo a can, mu muna kallo a nan. Shi ne kuma alƙalin abin da ya cancanci kallo. Finafinai sun cika wurin fal, amma ba kowanne yake bari ya shiga jerin Inna ba. Ba ya son na harbe-harbe, ba ya son na tsiraici, yana son mai tsofaffi da gona da rigimar gida. Ƙa'idarsa ita ce ya riga mu kallon kowane kashi, in akwai wurin da bai dace ba ya turo min saƙo: minti kaza zuwa kaza, ki tsallake.

A lokacin da nake ba da labari muna tsakiyar wani mai dogon zango, na wata tsohuwa mai gonar shayi a kan dutse wadda 'ya'yanta suka dage sai an sayar da gonar. Inna ba ta jin yaren, ba ta kuma karanta Turancin da ke fitowa a ƙasa, ni nake fassara mata. Amma akwai abu ɗaya da ta iya karantawa da kanta. A ƙarƙashin hoton kowane kashi akwai wani jan layi da ke nuna inda mai kallo ya kai. In na dawo daga makarantar da nake koyarwa na kunna, idonta can yake fara zuwa. "Ya wuce mu da biyu," in ji ta, tana ɓoye murmushi. Na daɗe kafin in gane cewa da wannan layin take sanin ɗanta ya kwana lafiya, ya dawo daga aiki, har ya samu zama.

A watan Sha'aban hawan jini ya kayar da ita a bakin murhu. Ɓarin hagu ya yi nauyi, baki ya ɗan karkace. Yaya ya zo ya kwana biyu a asibiti ya koma bakin aiki. Da za a sallame mu likita ya ja ni gefe ya ce a dawo da ita bayan mako biyu, kafin nan kada a yarda wani abu ya girgiza ta, don in ya sake bugawa ba ya ba da tabbacin komai.

Kwana biyu da dawowarmu gida, ina cikin aji Kawu ya kira ni, yayan Inna, wanda tun rasuwar Baba shi ne babbanmu. Ya ce in hau Keke in same shi gidansa wajen Sama Road yanzu-yanzu. Da na ga takalma a ƙofar falo na san an yi mutuwa. Yaya ne. Babbar mota ta bi ta kan motarsa da safe yana hanyar ofis, kuma ana shirin kai shi makwanci a can kafin la'asar.

Ban gama kuka ba Kawu ya yanke hukunci. Za a yi zaman gaisuwa a gidansa, ba za a faɗa wa Inna ba sai likita ya sake ganinta.

"Kawu, ɗanta na hwa!" na ce, har muryata ta fi tasa. "Ina za ni kai idona in ta dube ni?"

"Ke, ɗiyag ga, natsu," in ji shi. "Mun rasa guda yau. So kika yi mu rasa biyu cikin mako ɗaya? Ki tahi ki wanke huska ki koma wurinta."

Na wanke fuska na koma. Na ɗauke wayarta na ce likita ya hana. Na kulle ƙofar gida na ce an hana 'yan dubiya su dame ta. Mutum ɗaya na bari yana shigowa, maƙwabciyarmu, malamar asibiti ce 'yar kudancin Kaduna, Kirista, wadda kullum da yamma take zuwa auna mata jini. Ita na faɗa wa gaskiya a zaure, ta dafe bango.

A ranar, bayan la'asar, Inna ta ce in kunna mata. Layin yana tsaye a tsakiyar kashi na talatin da ɗaya, inda ya tsaya daren jiya. Na fassara mata na talatin, wallahi ban san me bakina yake faɗa ba. Washegari muka ƙarasa na talatin da ɗaya, muka wuce shi. Rana ta uku ta dubi hoton na gaba, babu ja ko ɗigo a ƙarƙashinsa.

"Yau ma bai kalla ba," ta ce. "Ko aiki na yay yi mai yawa?"

A rayuwata ban taɓa jin ta yi tambaya a kansa da ta kai wannan fitowa fili ba. Da malamar asibiti ta auna ta da yamma, ta kalle ni ta girgiza kai kaɗan. Jinin ya hau.

Washegari a makaranta, lokacin hutun tara, na shiga bayan ofishin malamai na buɗe manhajar a wayata. Na sa yatsa na ja kashi biyu har ƙarshe. Ji nake kamar na shiga ɗakinsa na saka rigarsa. Da na dawo gida na kunna, Inna ta sauke numfashi.

"To, ga shi nan. Ya wuce mu da biyu."

Ranar ta ci tuwo fiye da kullum. Ni kuwa na shiga banɗaki na toshe baki da gyale.

Ban yi kwana biyu ba na kusa tona wa kaina asiri. Jan layin kawai nake yi, ba kallo ba. Muna zaune, sai ga ɗan tsohuwar nan mai gonar shayi da matarsa sun shige ɗaki, an fara abin da ba a kallo da uwa. Na daka tsalle na wawuri rimot, ya suɓuce ya faɗa ƙarƙashin gado, sai soket na kashe gaba ɗaya.

"A'uzubillahi," in ji Inna. "Yayanki bai hwaɗa miki wurin ga ba?"

"Ya turo, Inna, ni ce na manta."

"Shi dai ba ya mantuwa," ta ce, tana kallona da idonta mai lafiya. Kallon ya daɗe fiye da yadda nake so.

Daga ranar na koma kallo na gaske. Kowace tara ina bayan ofis da abin ji a kunne, ina rubuta mintuna a bayan rajistar aji kamar yadda yake yi. A nan na san wahalar da ya riƙa sha shekara biyu ba tare da ya taɓa faɗa ba. Akwai wuraren da ba tsiraici ba ne, amma ka san za su sosa mata rai, kamar inda aka kwantar da tsohuwar a asibiti. Na koma saƙonninsa na baya na ga ashe irin waɗannan ma yana sa ni tsallakewa.

Gidan kuwa ya zame min wurin gadi. Ko sallama na ji gabana sai ya faɗi. Ranar bakwai wata gwaggonmu ta taso daga ƙauye, ba wanda ya gaya mata shirin da aka yi, ta sauka daga babur tun daga bakin titi tana salati da ƙarfi. Na fita ba ko takalmi, na tare ta a zaure na rufe mata baki da tafin hannuna, tsohuwar da ta goya ni. Allah ya yafe min. Na juya ta na ɗora a babur ɗin da ya kawo ta, na ce gidan Kawu. Da na koma ciki Inna ta ce wa ke kuka a waje, na ce wata ce aka sace wa akuya.

"Akuya," ta maimaita.

Malamar asibiti ta same ni a zaure washegari ta ce, "Ƙanwata, uwa tana ji a jikinta fa. Jinin nan nata ba ya sauka yadda ya kamata, kuma magani ba shi da laifi." Na je na faɗa wa Kawu, na ce ni na gaji, ƙarya ta ishe ni, ko sallah na tayar sai in rasa raka'a ta nawa nake. Ya ce saura kwana kaɗan, in daure. Na fito ina masifa ni kaɗai a kan titi har wani mai Keke yana waiwayena.

Ana haka aka ga watan azumi. Ranar ɗaya ga wata na tafi makaranta da ciwon kai, ba barcin kirki, ga ƙishi tun hantsi. Da aka buga tara ƙafata ta kai ni bayan ofis da kanta. Na kalli kashi ɗaya, na rubuta mintuna, na koma aji. Ban yi tunanin komai ba.

Bayan azahar na dawo. Inna tana zaune a kan darduma da carbi, likita ya hana ta azumi saboda magani, abin yana damunta. Na gaishe ta zan wuce kicin in jiƙa gero, sai ta ce, "Kunna min abin ga."

"Inna, da azumi?"

"Ba kallo za ni yi ba. Buɗe dai in gani."

Na buɗe. Jiya mun tsaya a na talatin da tara, Yaya yana na arba'in da ɗaya. Yau ja ya cika ƙarƙashin na arba'in da biyu. Ta daɗe tana dubansa. Carbin ya tsaya a hannunta.

"Wa yak kalli wanga?"

"Yaya mana."

"Yau?"

"Ƙila da safe, kafin ya fita."

"Tun shina ɗan shekara goma sha biyar," ta ce a hankali, bakin yana ɗan jan maganar, "in anka ga wata, ko rediyo ba ya saurare sai na karatu. Bara da hannunai ya turo miki cewa a ruhe abin ga sai bayan Salla. Bariya ma haka. Ke kinka karanta min."

Sai a lokacin na tuna. Wallahi na sani, kowa a gidanmu ya sani, har tsokanarsa muke yi muna ce masa Liman. Kwana goma sha ɗaya ina lura da kowace ƙofa da kowace waya, na zo na manta halin mutumin da nake kwaikwayo. Na durƙushe a bakin darduma. Ina kallon jijiyar wuyanta tana bugawa, ina lissafin nisan gidan malamar asibiti, ina cewa a raina shi ke nan, na kashe ta.

"Ke ta ka jan shi," ta ce.

Na gyaɗa kai.

"Tun yaushe?"

Na buɗe baki in sake wata ƙaryar, in ce yana asibiti, in ce an tura shi wani gari. Ta ɗaga hannunta mai lafiya.

"Kak ki ƙara. Tun randa kinka ce akuya nis san akwai magana, tsoron tambaya nika yi. Hwaɗa min da bakinki."

Na faɗa mata. Motar, da ranar, da cewa an yi masa sutura a can, mutane da yawa sun sallace shi, an yi zaman gaisuwa a gidan Kawu an tashi. Ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un sau uku, a na ukun muryar ta karye. Na miƙe zan ruga kiran maƙwabciya, ta riƙe bakin zanena da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ba ta faɗi ba, ba ta suma ba. Malamar ta zo daga baya ta auna, jinin ya hau sosai, ta zauna da mu har magariba yana sauka kaɗan-kaɗan.

Kafin ta zo ɗin ne Inna ta sa ni na ƙirga mata kwanakin da yatsu, ɗaya bayan ɗaya. Na ce mata don ranta muka yi, likita ne ya tsorata mu, Kawu ne ya ce, ni ban so ba. Ta saurare ni har na gama kare kaina.

"Na san don ni kunka yi," ta ce. "Amma kwana goma sha ɗaya, kowace salla, ina roƙa mai lahiya da ɗaukaka wurin aiki da tsari daga sharrin hanya. Shi kau shina kwance cikin ƙasa, gahwara shika jira daga bakin uwatai, ba ta zo ba."

Ta ce in kawo mata buta in taimaka mata ta yi alwala. Na kawo, na zuba mata ruwa, na wanke mata hannun da ba ya motsi. Da na gyara mata darduma zan zauna a bayanta, ta ce in fita in ja mata ƙofa.