Amsar da Na Ba Nasara a Madadin Illa

Bana shekara ashirin da shida ke nan da rasuwar ƙanena Illa, kuma har yau bai fita raina ba. Ba kewa ce kaɗai ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya: na yi ƙyashinsa yana raye, ina kuma yi yana kwance.

Zamanin Nasara, Baba yana noman gyaɗa a bakin gulbi wajen Jiratawa. Ni aka ɗauka aka sa lakwal, makarantar boko, a Maraɗi, na fito da Faransanci a baki da takalmi a ƙafa. Illa ya zauna gona, kuma a gida malalaci ake ce masa. Sai a bar shi da hauya, a dawo a iske shi rub da ciki yana kallon ɗan ƙwaron nan ja mai baƙin ɗigo a baya, wanda bai kai ƙwayar wake ba. Na taɓa tambayarsa me yake samu a ciki. Ya ce, "Yaya, ba ya gaggawa, kuma ba ya barin ganye sai ya share shi. In na dube shi sai raina ya kwanta."

Wata damina darɓa ta faɗa wa gyaɗa, daga Tibiri har Jiratawa ganye ya nannaɗe yana ɗanko. Tamu ce ta tsaya kore. Labari ya kai wa wani Nasara mai kula da aikin gona, ya zo da kansa, ni kuma aka kira in yi tafinta. A bakina Illa ya bayyana masa cewa jan ƙwaron yana cin ƙananan ƙwarin da ke kawo darɓa, kuma baƙaƙen ƴan tsutsotsin da manoma ke murtsukewa ƴaƴansa ne, sun ma fi shi ci. Illa kuwa tara su yake daga ciyawar gulbi cikin ƙwarya yana zubawa a gona. Nasaran ya durƙusa a turɓaya kusa da shi, suka daɗe suna duban ganye ɗaya. Shekara shida na yi a lakwal, babu Nasaran da ya taɓa durƙusawa kusa da ni.

Da ya miƙe sai ya ce in tambayi Illa ko zai bi shi aiki, ya riƙa zaga ƙauyuka yana koya wa manoma. Na juya na ce wa Illa, "Wai yana gode maka." Sannan na ce wa Nasaran ƙanena ya ce a'a, ba ya barin Baba. Bayan wata biyu ni aka ɗauka. Shekara talatin na yi ina yawo da keke da jakar takardu, ina faɗa wa mutane maganar Illa kamar tawa.

An ce hassada ga mai rabo taki ce. Ni ne malamin gona, amma in abu ya sami shuka, manoman Tibiri wuce ni suke su tafi gindin tsamiyar Illa. Bai taɓa hawa mota ba sai ranar da muka kai shi asibiti. A can, ina riƙe da hannunsa, na fara kame-kamen faɗa masa abin da na yi ranar tafinta. Ya tare ni. "Yaya, duk Faransancina kalma ɗaya ce, a'a, kuma ita ka faɗa wa Nasaran ranar nan. Ai na ji." Na ce me ya hana shi magana. Ya ce, "Ka fi ni son aikin. Ni kuma da ka tambaye ni, ban san me zan ce ba, sai ka hutar da ni."

Makon jiya jikana ya kai ni Jiratawa. Ruwa na gudu a magudanan siminti, samari na goye da tankin feshi, wari har bakin hanya. Na tsuguna na juya ganye ya fi ashirin ban ga ja ko ɗaya ba. Na san Illa ba zai yi faɗa ba. Zai kira mai feshin ya ce ya zauna, ya duba tukuna ya ga wa yake kashewa.

Takarduna gara ta cinye. Illa bai bar rubutu ba, amma wani dattijo da na iske yana cire ciyawa ya nuna mini gefen gonarsa da ba ya bari a fesa, ya ce haka Malam Illa ya koya wa babansa. Ya tambaye ni ko na san shi. Na ce ƙanena ne. Ya saki hauya ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce ashe gidanmu gidan albarka ne. Bai tambayi sunana ba.