Kwanon Ruwan Baba Gariba

Baba Gariba mutumin Zongon Kumasi ne, tsohon soja, kuma shi ke duba mana ramin bututun ruwa da muke haƙa a unguwar Madinat Khalifa ta birnin Doha kafin kowa ya sauka. Shekarunsa hamsin da takwas. A Doha, mai irin waɗannan shekaru in ya rasa aiki, sai jirgin gida, kuma ya san haka sarai.

Kullum da safe yakan ɗauko wani tsohon kwanon silba, ya zuba ruwa daidai layin da ya karta a ciki da ƙusa, ya ajiye a bakin rami. Me za mu yi in ba dariya ba? Ni Elnathan, mai gyaran injin zuƙe ruwa, ni na laƙaba masa Malamin Duba.

Ran da na tambaye shi dalili, bai ji haushi ba. Ya ce a bariki aka ba su labarin. A babban yaƙin Turawa na farko, sojoji kan zauna cikin ramuka suna fuskantar juna wata da watanni. Sai wasu su haƙa hanya a ɓoye har ƙarƙashin abokan gaba, su cusa nakiya, su tayar, sojojin ƙafa su afka kafin ƙura ta lafa. Na sama kuwa sai su ajiye kwanon ruwa su zuba masa ido, don in ana haƙa a ƙasansu ruwan zai motsa.

"Ɗana, ƙasa yana magana kafin ya faɗi," in ji shi. "Ku ne ba ku saurara."

Wata Talata, bayan hutun rana, injuna duk a kashe, na ɗaura igiya zan sauka, mutum biyar na biye da ni. Baba ya tsuguna gaban kwanonsa ya daɗe. Ruwan ya haura layi ta ɓangaren rami, ya sauka ta ɗaya ɓangaren. Ya miƙe ya tsaya a bakin tsani.

Saifuddeen, shugaban aikinmu, ya taho a fusace. "Yalla, matsa! Injiniya ya duba da safe."

"Da safe ne, maigida. Yanzu ƙasa ya karkata."

"Saboda kwano? Ba ni katinka. Khalas, shi ke nan, gobe ka je wurin kafil, wanda ya kawo ka ƙasar nan, ya sallame ka."

Baba ya ciro katin shiga aiki daga wuyansa ya miƙa masa. Amma bai matsa daga tsanin ba. Kunya ta kama ni ƙwarai, ni da nake masa dariya, na kwance igiyata. Sauran ma suka kwance.

Muka zauna a inuwar kwantena kusan awa biyu, ba abin da ya faru. Har wasu sun fara harararsa. Ana kiran la'asar sai muka ji wani nishi daga ƙasa, bangon ramin ya zame gaba ɗaya, ya binne injina, da tsanin, da kwanon.

Saifuddeen ya daɗe tsaye yana kallon wurin. Sannan ya zo ya rataya wa Baba katinsa a wuya da hannu biyu. Baba kuwa kwanonsa kawai yake jimami, wai tun yana kurtu yake cin abinci a cikinsa.

Kwana uku muna tono kafin muka kai ga injin. Kwanon na gefensa a lanƙwashe, daidai inda nake tsuguno in ina gyara.