Baba Mai Ludayi da Tayoyin Mai Faci

Shekara talatin da ɗaya ke nan, kullum kafin masu shara su iso, Baba Mai Ludayi ya riga ya wanke kwalabensa ya jera su a bayan motar sashen kiwon lafiyar al'umma na jami'a. Ba farfesa ba ne. Aikinsa shi ne tsoma ludayi cikin kwata da randa, ya ɗebo tsutsar sauro ya kai ɗakin bincike. Takardun da aka rubuta da guminsa sun cika kabad, sunansa kuwa ko a ƙasan shafi babu. Abin yana yi mini ciwo, shi ko a jikinsa.

Wata damina tawagarsu ta je wayar da kai a unguwar bayan tasha. Farfesan tawagar ya kafa majigi, ya yi bayanin yadda tsutsar ruwa ke zama sauro har maƙogwaronsa ya bushe. Sai wani mai facin taya ya miƙe, mutumin da ya jibge tsofaffin tayoyi a bayan gidansa, kowace cike da ruwan sama.

"Ranka ya daɗe, tsutsa ce za ta yi fiffike? Haba, a riƙa jin tsoron Allah!"

Wuri ya kaure da dariya. Baba bai yi ba, don ya ji matan unguwa na cewa autar mutumin nan sau uku zazzaɓin cizon sauro na kwantar da ita a asibiti a wannan daminar, na ƙarshe har da suma.

Bai tsaya musu ba. Ya ɗebo ruwa daga tayar mai facin, ya zuba a kwalba, ya ɗaure bakinta da ƙyallen gidan sauro.

"Maigida, ajiye a shagonka. Kai ne mai gadi, kada ka ce mun yi maka dabo."

Kwana shida sai ga mai faci a ƙofar jami'a, kwalba a hannu, sauro na shawagi a ciki, ido ya kaɗa ya yi ja.

"Baba, ashe ni nake kiwon abin da ke neman kashe mini 'ya?"

"Share hawayenka," in ji Baba. "Kana da wuƙa mai kaifi?"

A ranar, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana toshe huji ya wuni yana huda tayoyi don ruwa ya daina kwanciya a ciki, Baba na riƙe masa. Maƙwabta suka fito suka kife tsofaffin gwangwanaye, suka yashe kwata. Yarinyar ba ta ƙara kwana a asibiti ba har damina ta ɗauke.

Baba, kai ne malamin da bai taɓa riƙe alli ba. Kai ne ka san mutum ya fi yarda da abin da ya ƙyanƙyashe a gabansa. Yau da za ka rataye ludayi, mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku kuma matasan sashe, in kun shiga unguwa ku tsuguna bakin kwata kamar yadda ya tsuguna.

Autar mai faci ta zo taron sallamarka. Ita ce doguwar nan da ta riƙe maka kwalba.