Maraya a Takarda

Mahaifina ya rasu ina da wata bakwai a duniya. Ƙanensa ne ya ɗauke ni ya haɗa ni da 'ya'yansa a Damagaram, shi na tashi ina kira Baba. Sai da na kai shekara goma sha biyu na ji a bakin wata tsohuwa a gidan biki cewa ba shi ya haife ni ba. Ranar Baba ya yi faɗan da ban taɓa ganin ya yi irinsa ba, kuma da tsohuwar ya yi, ba da ni ba.

A shekarun tamanin Baba yana da ɗan shago a unguwar Barbès ta Paris, yana sayar da shadda da atamfa. Shi ya kawo ni Paris karatu. Na fara a jami'ar Saint-Denis, inda muke cika ɗakin lacca har wasu na zaune a kan matakala, malami bai san fuskar kowa ba. Ni kuwa lokacin ina ji da kaina. Gani nake asara ce mai kai irin nawa ya zauna can baya ba wanda ya lura da shi. Sai na ji labarin wata 'yar makaranta mai zaman kanta a Lyon, a kan tudu, ana karanta tarihi da falsafa da harsuna, ɗalibai kaɗan, malamai sun san kowa da sunansa. Raina ya biya. Amma kuɗinta ba na wasa ba ne.

Da na gaya wa Baba, ya ce, "Ka nema. In lakwal ɗin ta ɗauke ka, ko shagon ne sai mu rage."

Takardar neman shiga ta iso. A shafi na uku akwai wurin masu son a yafe musu kuɗi. An tambayi sunan uba, na rubuta na mahaifina, na ce ya rasu. Wannan gaskiya ce. A ƙasa an tambayi wa ke ɗaukar nauyina, na tsallake layin. Sannan suka ce in ba da labarin kaina. A bayan shagon Baba na zauna, a kan dilar atamfarsa, da biron da ya saya mini, na cika shafi biyu da maraici. Faransancina ya yi kyau ranar. Na ce na taso ba uba, ba mai jan hannuna, ni na riƙe kaina da kaina. Da na sake karantawa har ni na tausaya wa yaron.

Suka ɗauke ni, suka yafe kuɗin. Baba ya ɗauka ƙwaƙwalwata suka gani. Ya bi shagunan Barbès ɗaya bayan ɗaya yana cewa, "Ɗana ne! Nasara sun ce kyauta za su koya mishi." Ni kuma na riƙa gaya wa zuciyata ai nauyi na sauke masa.

Makarantar ta yi mini yadda nake so. Muna zagaye tebur ɗaya da malami, in ba ka yi karatun jiya ba babu bayan wanda za ka ɓuya. A can na koyi gardama da hujja, na koyi yin shiru in wani ya fi ni. Shugabar makarantar wata dattijuwa ce da ta karanta labarin da na rubuta, ta kuma riƙe shi a zuci. Ita ta sa a riƙa ware mini abincin da ba naman alade. Ranar Lahadi takan kira ni cin abinci a gidanta, wai kada kaɗaici ya dame ni. Da sanyi ya shigo ta ba ni kwat ɗin mijinta da ya rasu. Ina da kwat sabo fil da Baba ya saya mini, amma na ninke shi a akwati, don maraya ba ya sa irinsa. Na ci abincinta, na sa kayan mijinta, kuma kunyar ba ta hana ni ƙara loma ba.

Wata rana da hantsi, bayan sanyi ya fara sauƙi, aka ce ina da baƙo a tsakar makaranta. Baba ne. Ya zo Lyon duba yadi, ya ce ba zai koma bai ga inda nake ba. Ya hau duk matakalan tudun nan da babbar riga, yana haki, da ƙunshi biyu a hannu: kilishi nawa, turmin atamfa na shugaba. Ban gama gaishe shi ba sai ga shugabar ta fito.

Ta tambaye ni wane ne. Na ce, "Un oncle." Wani ɗan'uwan uba. Ko "nawa" ban iya cewa ba.

Ta kama hannunsa da fara'a, ta ce ta ji daɗi da ta ga wani daga ƙasarmu. Ta ce su riƙa leƙo ni, yaro maraya, ba shi da kowa a duniya, amma dubi inda ya kawo kansa shi kaɗai. Baba ya juyo ya ce, "Mi ta ce?"

Na ce, "Ta ce ina ƙoƙari."

Ya ce, "Madalla." Ya miƙa mata atamfar da hannu biyu, ya ce, "Merci, madame." Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa a karɓe rangwamen, wataƙila ma a sallame ni. Bai faɗe ta ba.

Na raka shi tashar jirgi. A hanya ya dubi kwat ɗin da ke jikina, ya tambaya ko yana tare sanyi, na ce yana tarewa. Sai da jirgin Paris ya tsaya ya ce, "Orphelin, maraya. Na san wannan kalma. A ofishin baƙi na Bobigny na koye ta, ranar da na bi layi don takardunka. Wani a layin ya ce in rubuta haka, abin zai hi sauƙi." Ya gyara hularsa. "Ni dai na ƙi." Ya shiga jirgi.

Ya kamata in bi shi ciki in durƙusa. Ya kamata in koma tudu in gaya wa dattijuwar gaskiya. Ban yi ko ɗaya ba. Tsoro na ji, kuma ina son makarantar. Na gama shekaruna a can a matsayin maraya, na karɓi takardar shaidata, tana rataye a ɗakina har yau. Baba bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya, ni kuma na riƙa ɗaga neman gafarar zuwa hutu na gaba.

Hutun farko bayan zuwansa na koma Barbès. Na tarar da shi a shago da wani baƙon ɗan kasuwa daga Kano. Muka gaisa, mutumin ya dube ni ya dubi Baba, ya ce, "Alhaji, wannan ai ba tambaya, ɗanka ne. Ga kama nan."

Baba yana ninke shadda, bai ɗago ba. Ya ce, "Ɗan marigayi yayana ne. Yana karatu a Lyon."

Tunda nake ban taɓa jin ya faɗi haka ba, kuma babu ƙarya a ciki ko ɗaya. Ya tura mini kujera da ƙafa, ya tambaye ni ko na ci abinci.